Muscari a Legas: a kawo masu wuyar samu, ko kuɗin za su ruɓe a tukunya?

Mai_Lambu_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masu harkar furanni masu albasa ce. Furen nan Muscari, wanda ƙananan furanninsa ke taruwa a kan sanda ɗaya kamar nonon inabi, lokacin sayar da albasarsa a Turai ya gabato, daga Satumba zuwa Nuwamba. Shin yana yin fure a nan Legas kuwa? In yana yi, ya kamata mutum ya zuba kuɗi a kan masu wuyar samu irin su macrocarpum da parviflorum, ko ya tsaya a na gama-gari? Sannan ta yaya ake tabbatar da cewa sunan da ke jikin leda shi ne abin da ke ciki?

Dan_Idi_Araba:
Wa alaikumus salam. A ƙasa dai ba zai yi ba, kada ma a wahalar da kai. Asalinsa yankin Bahar Rum ne da Turkiyya da Kaukasus zuwa Iran. Can sanyi da ruwa tare suke zuwa, zafi kuma da fari. Mu namu a juye yake: ɗan sanyin da muke samu yana zuwa da bushewa, ruwa kuma da ɗumi. To lokacin da albasar ke son ta yi barci a busasshiyar ƙasa, wato Yuni da Yuli, shi ne lokacin da Legas ke iyo.

Hajiya_Furanni:
Malam Dan_Idi_Araba ya faɗi gaskiya a kan ƙasa, amma a tukunya ana samun fure, da sharaɗin firji. Ga yadda ake yi da armeniacum, wanda shi ya fi yawa a kasuwa.

A zaɓi albasa mai tauri, wadda zagayenta ya kai santimita 9 zuwa 10. Lambar da ake rubutawa a leda, 8/9 ko 9/10, zagaye take nufi, ba faɗi ba. Tukunya mai faɗin santimita 15 tana ɗaukar 10 zuwa 12. A dasa su hanci sama, ƙasa ta rufe hancin da santimita 2 ko 3. A ba da ruwa sau ɗaya, a bari ya tsane sarai, sannan a sa a firji. Makonni huɗu ko biyar na farko a digiri 9, don a nan ne saiwa ke fitowa. In an ɗaga tukunyar an ga fararen saiwoyi sun leƙo ta ramin ƙasa, a sauke zuwa digiri 5. Jimilla mako 14 zuwa 15. Wanda ya fitar a mako 8 don gaggawa zai samu ganye tuli, furen kuma ya maƙale a gindi bai tashi ba.

Bayan an fitar, sai ɗaki mai sanyi da haske sosai. Cikin mako biyu zuwa uku yake buɗewa.

Sani_Mile12:
Hajiya, firjin gida da ake sa tumatir zai yi?

Hajiya_Furanni:
Zai yi in an kwashe 'ya'yan itace. Ayaba, tuffa, mangwaro da tumatir mai nuna suna fitar da iskar etilin, ita kuma tana lalata ɗan furen da ke kwance cikin albasa tun bai fito ba. Kuma a sayi ƙaramin ma'aunin zafi a ajiye kusa da tukunyar, kada a dogara da lambar da ke jikin makunnin firji. Bangon baya yakan daskarar da abu, ƙofa kuma ta fi ko'ina ɗumi.

Injiniya_Bala:
Abin da ba a faɗa ba shi ne wuta. Mako 14 kusan kwana ɗari ke nan. Ɗauke wuta na awa uku ko huɗu ba ya yin komai in ba a buɗe ƙofa ba, musamman in an jera gorunan ruwa a ciki su riƙe sanyi. Amma kwana biyu a jere babu wuta, cikin firji zai haura digiri 20, jiƙaƙƙiyar ƙasa a rufe, fumfuna ta samu gida. Wanda ba shi da sola ko inbata ya yi lissafi tun kafin ya tura kuɗi.

Ummu_Khalil:
Ni tambayar Mai_Lambu_Agege ta uku ce ta fi damuna, ta gane iri. Duk hotunan da nake gani shuɗi ne shuɗi ne.

Malam_Tsirrai:
Hajiya Ummu_Khalil, haka suke ga wanda ya tsaya daga nesa. A matso da gilashin ƙara girma mai ninki 10, a cire fure ɗaya daga ƙasan sandar, a duba bakinsa. Daga nan ake farawa.

In furen kamar tulu yake, ciki ya buɗe, baki ya tsuke, da ƙananan haƙora shida da suka lanƙwasa waje, to Muscari ne na ainihi. In bakin a buɗe yake kamar ƙararrawa, babu tsukewa, kowane leɓe da zane mai duhu a tsakiya, to ɓangaren Pseudomuscari ne, irin azureum na Turkiyya ko chalusicum na tsaunukan arewacin Iran. In kuma tsiron dogo ne, furannin ƙasa ruwan ƙasa-ƙasa a warwatse, na sama shunayya masu dogayen wuya sun tashi kamar tuntu, wannan comosum ne, wanda wasu littattafai ke kira Leopoldia comosa.

Abu na biyu, sandar tana ɗauke da fure iri biyu. Na ƙasa su ke yin iri, na can sama bakarare ne, kuma sau da yawa launinsu ya fi haske. Bambancin launin nan yana taimakawa ƙwarai:

armeniacum: shuɗi mai haske, haƙora farare, ganye sirara dogaye masu kwari a tsakiya, suna fitowa tun kafin sanyi su zube a ƙasa.
neglectum: shuɗin ya yi duhu har yana neman baƙi, haƙora farare tas, na sama ruwan bula.
commutatum: shi ma baƙi-baƙi, amma haƙoransa launinsu ɗaya da jikin furen, babu fari. Wannan kaɗai ya raba shi da neglectum a kallo ɗaya.
botryoides: furen kusan dunƙulalle kamar ƙwallo, ganye biyu ko uku a tsaye ƙyam, suna ƙara faɗi wajen ƙarshe.
latifolium: ganye ɗaya tal mai faɗi, wani lokaci biyu, ya rungumi sandar. Ƙasa baƙin shunayya, sama shuɗi mai haske. Daga dazukan yammacin Turkiyya yake. Shi ba ya ɓuya.

Ummu_Khalil:
Allah ya saka da alheri Malam. To tun yana albasa fa, kafin a dasa?

Malam_Tsirrai:
A albasa kaɗan ne ake ganewa. Ta comosum babba ce, ɓawonta ja-ja. Ta macrocarpum da racemosum manya ne, da kaurara saiwoyi masu nama waɗanda ba sa mutuwa lokacin barci. In an aiko wa mutum 'yar ƙaramar albasa mai 'ya'ya da yawa a gindi, babu alamar kaurin saiwa, an rubuta macrocarpum, to ya shirya ganin shuɗin fure. Sauran kuwa sai sun yi fure. Duk wanda ya ce zai raba armeniacum da aucheri daga busasshiyar albasa, cika baki ne.

Baban_Nana_Obalende:
Malam_Tsirrai, a ƙara da maganar racemosum, don sunan nan tarko ne. A tsofaffin littattafai an daɗe ana kiran neglectum da racemosum. Yanzu kuwa sunan na wani tsiro ne dabam daga kudu maso yammacin Turkiyya, mai fure fari-fari da ɗan kore, mai ƙamshin almiski, wanda ake kuma sayarwa da sunan muscarimi ko moschatum ko ambrosiacum. Saboda haka in an ga racemosum da araha a jerin mai sayarwa, a tambaye shi launin furen. In ya ce shuɗi, neglectum ne, wanda a Turai ma kamar ciyawa yake yaɗuwa.

Af, sunan Muscari ɗin kansa daga kalmar almiski ya samo asali, kuma Philip Miller, masanin tsirrai ɗan Ingila, shi ne ya kafa shi a 1754.

Dan_Idi_Araba:
Akwai kuma wanda ake sayarwa da sunan Muscari paradoxum. Wannan Bellevalia ce, 'yar'uwa ce amma ba Muscari ba ce.

Sani_Mile12:
Kai jama'a, sunayen nan sun fi furen yawa.

Malam_Tsirrai:
Haka ne ɗan'uwa, kuma masana kansu suna kai da komo: wani lokaci a ware Leopoldia da Pseudomuscari, wani lokaci a mayar da su cikin Muscari. Shi ya sa a kan alamar tukunya a rubuta sunan da aka sayo da shi, da wurin da ya fito, da ranar dasawa. Da fensir za a rubuta, tawadar maka tana gogewa da danshin firji. In sunan ya canja daga baya sai a ƙara, kada a goge na farko.

Mai_Lambu_Agege:
Na gode ƙwarai. Amma mu dawo kan tambaya ta biyu. In ana samun fure da firji kamar yadda Hajiya ta ce, me zai hana a yi da masu tsadar?

Hajiya_Furanni:
Alhaji, fure ɗaya na ce, ban ce tsiro ya zauna ba. Furen da za ka gani a Janairu tun a gonar Holan aka gina shi cikin albasar, kai sanyi kawai ka ba shi. Na baɗi kuwa ganye ne ke gina shi. Bayan fure ganyen yana buƙatar aƙalla mako shida yana kore, cikin rana da sanyin digiri 10 zuwa 18, yana mayar da abinci cikin albasa. A zafin Fabrairu na Legas cikin kwanaki yake yin rawaya ya kwanta. Ka tono albasar ka tarar ta ragu, ta farfashe zuwa ƙananan 'ya'ya da ba za su yi fure ba. Da armeniacum ba komai, a sayo wata baɗi. Da irin da aka sha wuya kafin a samu, an kashe shi ne kawai.

Injiniya_Bala:
Hajiya, a nan ban bi ki gaba ɗaya ba. Matsalar ganye bayan fure tana da magani: firjin lemo mai ƙofar gilashi, a haɗa masa na'urar daidaita zafi ta waje mai tsinken aunawa, a saita shi digiri 12 zuwa 15, a sa fitilar LED mai ƙarfi a sama awa 12 a rana, da ƙaramar fanka irin ta kwamfuta don iska ta zagaya. Tsiron ya yi dukan rayuwarsa ta kore a ciki, wata biyar zuwa shida. Kuma ba duka ne ke son tsananin sanyi ba. Macrocarpum daga gabashin tsibirin Kirit da sauran tsibiran Girka da gaɓar Turkiyya yake, wuraren da ƙanƙara ba ta cika sauka ba. Shi zafin barci ma yake so. Zafi kuwa muna da shi kyauta.

Hajiya_Furanni:
Zafi muna da shi, bushewa ce ba mu da ita. Laimar iskar Legas a damina tana haura kashi 80 cikin ɗari. Albasa a ajiye a irin wannan iska, ko ba a zuba mata ruwa ba, shuɗiyar fumfuna za ta kama gindinta.

Baban_Nana_Obalende:
Ku biyun duka kuna da gaskiya, amma macrocarpum yana da wani sharaɗi da ya sa dabarar tonowa a ajiye a takarda ba ta yi masa. Saiwoyin nan masu nama da Malam ya ambata, in an yanke su ko sun bushe, yakan yi shekara ɗaya ko biyu yana jinya babu fure. Don haka a tukunyarsa yake barci. Tukunyar ƙasa mai zurfin santimita 25 zuwa 30, albasa a zurfin santimita 10, a daina ruwa da zarar ganye ya soma rawaya, a kai shi wurin da ruwan sama ba ya taɓawa kuma iska ke kaɗawa. Ba a sa shi a leda, ba a rufe shi a kabad.

Wanda ya ga furensa zai gane dalilin wahalar. Tohon yana fitowa shunayya-shunayya, yana buɗewa ya koma ruwan ɗorawa, bakin kuma ruwan ƙasa, ga ƙamshi mai ƙarfi. Wanda ake samu a kasuwa da sunan Golden Fragrance shi ne.

Ummu_Khalil:
Wace irin ƙasa ake haɗawa? Baƙar ƙasar da masu furen bakin titi ke sayarwa a buhu za ta yi?

Dan_Idi_Araba:
Ita kaɗai a'a, tana riƙe ruwa kamar soso. Mudu biyu na yashi mai kaushi, mudu ɗaya na ƙananan tsakuwa masu girman milimita 3 zuwa 6, mudu ɗaya na baƙar ƙasar, a tankaɗe ta. Yashin Legas da yawansa daga ruwa ake haƙo shi, saboda haka a wanke shi sau biyu ko uku saboda gishiri da laka. Gwaji: a cika tukunya, a zuba ruwa kofi ɗaya. In ya tsaya a sama ya wuce daƙiƙa goma, a ƙara tsakuwa. A ɗora gindin albasar a kan ɗan yashi zalla. Kashin kaji ko na shanu kada ya kusance ta. In ganye ya fito, takin ruwa irin na tumatir mai yawan fotash, rabin ma'aunin da aka rubuta, duk mako biyu. NPK 15-15-15 yana sa ganye ya yi tsawo ya yi laushi.

Gimbiyar_Filato:
Ku kawo su Jos mana ku huta da firji. Tsayinmu ya kai mita 1,200, daren Disamba da Janairu sai da bargo biyu.

Malam_Tsirrai:
Hajiya Gimbiya, Jos ta fi Legas nesa ba kusa ba, amma a lura: sanyin dare ne, da rana yana ɗumama, kuma bai daɗewa kamar yadda armeniacum ko aucheri na kan tsaunuka ke so. Riba ta gaskiya a Jos ko Mambila ita ce bayan an fitar daga firji: furen zai daɗe, ganyen zai samu makonninsa. Maganar juyewar yanayi da Dan_Idi_Araba ya yi a farko tana nan a can ma. A yi ban ruwa da hunturu, a shigar da tukwane ƙarƙashin rumfa da damina.

Sani_Mile12:
Wani ya ce ana cin albasar. Gaskiya ne?

Baban_Nana_Obalende:
Ta comosum ce ake ci a kudancin Italiya da Girka. A Italiya lampascioni suke ce mata. Tana da ɗaci, sai an jiƙa an tafasa an zubar da ruwan, sannan a sa a ruwan tsami da man zaitun. Amma wadda aka sayo don shuka ba ta ci ba ce, sau da yawa an yi mata maganin fumfuna. Tunda a firjin gida wasu za su ajiye, a rubuta a jiki da manyan baƙaƙe, kada yara ko mai girki su ɗauka ƙananan albasa ce.

Alhaji_Kwantena:
Kafin a kai ga firji, sai kaya sun shigo. Duk tsiro mai rai, albasa ko iri, yana buƙatar izinin shigowa daga NAQS, wato hukumar killace kayan noma ta Najeriya, a nema tun kafin a turo, sannan mai aikowa ya haɗo da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasarsa. Babu ƙasa a jiki. In babu takardu ana iya riƙe kayan, albasa kuma ba ta jure zaman sito mai zafi a cikin leda. A ce wa mai aikowa ya sa a jakar takarda ko raga.

Kuma a tambayi asalin kayan. Muscari ba ya cikin jerin CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, kamar yadda furannin Galanthus da Cyclamen da Sternbergia suke ciki, amma Turkiyya ta hana a tono shi daga daji a fitar. Akwai irin da duk duniya wuri ɗaya yake, kamar gussonei mai rawayan fure da ke cikin yashin gaɓar kudancin tsibirin Sisili na Italiya, wanda ke fuskantar barazanar ƙarewa. Wanda ya yi maka tallan manyan albasar irin wannan da yawa, ka tambaye shi inda ya raine su.

Ummu_Khalil:
To ba gara ƙwayar iri ba? Ya fi sauƙin aikowa.

Malam_Tsirrai:
Ya fi sauƙi, ya fi tsabta daga cuta, amma shekara uku zuwa huɗu kafin fure, kuma kowace shekara sai an yi masa zagayen sanyi da barcin nan. Irin baƙi ne ƙanana. A watsa a kan haɗin da aka faɗa, a rufe da tsakuwa santimita 1, a jiƙa, a sa a digiri 5 wata biyu zuwa uku. Shekarar farko ganye ɗaya yake fitarwa siriri kamar zare, kamar yabanyar albasa. Kada a tone shi sai bayan shekara biyu.

Wani abu ga mai tara iri-iri: armeniacum da neglectum suna zubar da iri cikin tukunyar maƙwabta, su tsiro su danne mai gidan, bayan shekara uku alamar tana faɗin wani suna, tsiron wani ne. Yawancin sunayen ƙarya da ke yawo tsakanin masu musaya haka suka samo asali, ba da mugunta ba. A yanke sandar da zarar fure ya bushe, sai wadda ake son irinta. Kuma in an ga baƙin gari kamar toka a cikin bakin furen maimakon garin fure, cutar fumfuna ce da ke zaune cikin albasar, ba ta warkewa. A cire tsiron duka a ƙona.

Dan_Idi_Araba:
Ni dai har yanzu ina ganin wahalar ta fi ribar. Mai son dangin nan a Legas ya nemi Ledebouria socialis ta Afirka ta Kudu, mai ganye dabbare-dabbare da ƙananan furanni a sanda. Gida ɗaya suke da Muscari, ba ta neman firji. Muna ma da namu a jejin arewa, irin su Drimia da Albuca, da su albasar kwaɗi.

Malam_Tsirrai:
Drimia da Albuca dangi ne, haka ne, amma abin da aka fi kira albasar kwaɗi Crinum ne, wani gida dabam. Drimia kuma guba ce mai taɓa zuciya, a kiyaye da awaki da yara. Wanda ya samo na gida yana son suna, ya busar da samfuri mai fure da ganye ya kai ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Legas ko ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan.

Mai_Lambu_Agege:
Parviflorum fa? Babu wanda ya taɓo shi.

Baban_Nana_Obalende:
Shi ne bare a cikinsu: a Satumba da Oktoba yake fure, bayan dogon zafi, ba bayan sanyi ba. Furannin ƙanana ne, ruwan bula, a warwatse a kan siririyar sanda. Abin da ke tayar da shi saukar zafi ne da ruwan farko, don haka ba ya buƙatar mako 14 kafin fure. Sai dai ganyensa yana aiki cikin sanyin da ke biyo baya, ka ga an koma firjin Injiniya.

Injiniya_Bala:
Shi ya sa na ce a fara da gwaji mai araha. Tukunya biyu na armeniacum, ɗaya latifolium. A bi su zagaye biyu cikakku. A auna zagayen albasa da zare kafin dasawa, a sake aunawa bayan barci. In 9 ta dawo 9 ko ta fi, tsarin yana aiki, a kawo macrocarpum. In ta dawo 6, an san amsa.

Hajiya_Furanni:
6 ɗin za ta dawo, Injiniya. Amma a gwada. Alhaji Mai_Lambu_Agege, in za ka bi lissafina, su shiga firji kafin ƙarshen Satumba don su fito farkon Janairu, lokacin da iskar hunturu ke ɗan rage laima. In ganyen armeniacum ya fito fari dogo tun a firji kada ka tsorata, halinsa ne, ka sauke zuwa digiri 2 ko 3.

Ummu_Khalil:
In sun yi fure a turo mana hoto. Malam_Tsirrai, yaya za a ɗauka don a iya gane irin?

Malam_Tsirrai:
A inuwa, ba da filashi ba, don kyamarar waya tana mayar da shunayya shuɗi. A sa farar takarda da rula a baya. Hoto ɗaya na tsiron duka da ganyensa, ɗaya na sandar daga gefe, ɗaya na bakin fure daga ƙasa. A ɗauka ranar da furannin ƙasa suka buɗe, na sama ba su buɗe ba tukuna.

Mai_Lambu_Agege:
To madalla. Injiniya, firjin lemon nan wat nawa yake ci, kuma inbata mai batir biyu za ta riƙe shi har safe?